Yadda Turanci Ya Rasa "Kai" Ya Rage Da "Ku"



Yawancinmu tun a firamare muka haddace wakilan suna na Turanci: I, you, he, she, it, we, they. Da muka ƙara gaba, malamin nahawu ya rarraba mana su gida-gida. Ga na mallaka irin su mine da yours, ga na nuni irin su this da those, ga na tambaya irin su who da which, ga kuma masu mayar da aiki kan mai yin sa irin su myself. Muka ɗauka haka suke tun fil azal. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambaya: me ya sa harshen da ya karaɗe duniya ba ya iya bambanta "kai" da "ku"? Amsar tana cikin tarihi, kuma akwai darasi a cikinta ga duk mai rubutu da Hausa.

Shekara dubu da suka wuce, Turancin mutanen Ingila ya fi na yanzu yawan wakilan suna. Idan mutum ɗaya ake yi wa magana, sai a ce masa thu, kalmar da daga baya ta zama thou. Idan jama'a ne, sai a ce ge, wadda ta zama ye. Har ma suna da wit, wato "mu biyu", da git, wato "ku biyu". Waɗanda suka yi karatun Larabci a cikinmu za su tuna da antuma. Waɗannan na mutum biyu su suka fara bin ruwa, domin kafin ƙarni na 13 ya ƙare an daina jin ɗuriyarsu.

A wancan zamani namiji he ne, mace heo, jam'i kuma hie. Da lafazi ya yi ta sauyawa, sai kalmomin uku suka fara kama da juna a kunne, har mai sauraro ya rasa ko "shi" aka ce, ko "ita", ko "su". Maganin ya zo daga inda ba a zata ba. Tun daga shekarar 793 mahara daga Denmak da Norwe suka riƙa kai farmaki gaɓar tekun Ingila, a 866 suka ci birnin York, daga bisani suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, aka yi auratayya da cinikayya. Daga bakinsu Turanci ya ari they, them da their. Harsuna sun saba aron sunan kaya, kamar yadda muka ari "mota" da "tebur", amma aron wakilin suna abu ne da ba kasafai ake gani ba. Kuma aron bai shiga lokaci guda ba. Mawaƙin Landan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta they, amma a wurin them tsohuwar kalmar hem yake sawa. Ita kuwa she, an fara ganin ta a rubuce a kundin tarihin Peterborough, cikin labarin shekarar 1140.

Babban sauyin ya biyo bayan 1066, shekarar da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma a Faransanci ana kiran babban mutum da jam'i don girmamawa. Daga wajejen ƙarni na 13 Ingilishi suka ɗauki wannan ɗabi'a. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda a gidaje da yawa yaro ba zai ce wa mahaifinsa ko surukinsa "ka dawo?" ba, sai dai "kun dawo?" To haka you ta zama ta manya da baƙi, thou kuma ta zama ta yara, da bayi, da masoya, da wanda aka raina.

A zamanin Shakespeare bambancin yana da kaifi. Mutum kan fara magana da you, idan rai ya ɓaci ko ƙauna ta motsa sai ya koma thou, masu kallo kuma nan take su gane abin da ya faru. An ruwaito cewa a shari'ar da aka yi wa Sir Walter Raleigh a 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya riƙa jifan sa da thou da gangan don ya wulaƙanta shi a bainar jama'a.

Da kalmar ta zama abin jawo faɗa, sai mutane suka fara gudun ta. A birni kamar Landan, inda ba kullum ake sanin matsayin wanda aka haɗu da shi ba, ce wa kowa you ya fi zama lafiya. Akwai waɗanda suka ƙi. Mabiya ɗariƙar Kirista ta Kwaka, ƙarƙashin George Fox, sun dage cewa mutum ɗaya thou ne, sarki ne ko talaka, domin kowa ɗaya yake a gaban Ubangiji. A 1660 Fox da abokansa biyu suka wallafa littafi sukutum a kan tilo da jam'i, kuma mabiyansu sun sha duka da zagi saboda wannan kalma. Duk da haka ba su iya ceto ta ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17, thou ta fita daga daidaitaccen Turanci, ita ma ye ta bi bayanta. Kalmomi huɗu, thou, thee, ye da you, suka dunƙule suka zama ɗaya. Shi ya sa har yau ake ce wa mutum ɗaya you are da aikatau na jam'i. Wasu sun gwada you was don tilo, amma masanin nahawu Robert Lowth ya yi tir da ita a littafinsa na 1762, makarantu kuma suka bi shi.

Inda thou ta saura shi ne a karin harshen wasu yankunan arewacin Ingila irin su Yorkshire, da waƙoƙi, da littattafan addini. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta riƙe ta, haka ma fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930, inda take taimakawa wajen bambanta anta da antum. Abin mamaki, kalmar da a da ake ce wa yaro da bawa, yau ita kunne ke ji kamar ta fi kowace girma.

Giɓin da ta bari kuwa har gobe ana cike shi. Mutanen kudancin Amurka suna cewa y'all, a Ayalan da Liverpool ana jin youse, a Turancin buroka na Najeriya kuma una, wadda masana ke dangantawa da unu ta Ibo. Duk ƙoƙari ne na dawo da "ku" daban da "kai".

Ga inda zancen ya shafe mu. Da yawanmu da Turanci muka yi karatu, wani lokaci ma da shi muke tsara jimla a zuci kafin mu juya ta. A nan ake samun matsala. Sau nawa muka karanta labari inda amarya ke ce wa uwar mijinta "ki zauna" kamar ƙawarta, ba don marubucin yana nufin rashin kunya ba, sai don you ɗaya ce a kansa? Alhali muna da kai, da ke, da ku, muna kuma da "an", wadda Turanci ba shi da kamarta sak. Mu duba waɗannan: "Ka ci abinci?" "Kun ci abinci?" "An ci abinci?" Tambaya ɗaya ce, amma ta farko ta tsara ce ko ta babba ga ƙarami, ta biyu ta ladabi, ta uku ta kunya da kara, ko kuma ta fushin da ba a son furtawa. Ranar da yarinyar da kullum ke ce wa kawunta "ku" ta dube shi ta ce "kai", mai karatu ya san gida ya kama da wuta, ba sai mun ɓata shafi muna bayani ba. Abin da Shakespeare ke yi da thou ke nan, kuma marubucin Turanci na yau ba shi da wannan dama.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauko babi ɗaya daga rubutunsa, ya bi hirarrakin ciki layi-layi, ya tambayi kansa wa ke magana da wa, kuma da wane wakilin suna mutumin zai buɗe baki in da a zahiri ne. Wanda ya ci karo da wurin da ya gyara, ya kawo mana jimlar kafin gyara da bayansa mu duba tare.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci. Sai mako mai zuwa in muna da rai.