Hanyoyi biyu na ƙera manhajar kwamfuta: wacce ta dace da ƙungiyarku?

Manhaja ita ce jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta ko salula domin ta yi wani aiki. Idan ƙungiyarku tana da bankin cimaka ko asusun adashi, mai yiwuwa wata rana ku so a ƙera muku manhajar da za ta riƙe sunayen mambobi, yawan buhunnan da suka shiga rumbu, da bashin da aka biya. Kafin ku sa hannu a takardar kwangila, ya kamata ku san hanyar da mai ƙera manhajar zai bi. Manyan hanyoyin guda biyu ne.

1. Hanyar gangaren ruwa

An ba ta wannan suna ne domin ruwan da ya gangaro daga tudu ba ya komawa sama. Aikin yana tafiya mataki-mataki: a rubuta bukatunku duka, a zana tsari, a ƙera manhajar, a gwada ta, sannan a danƙa muku. Ba a shiga mataki na gaba sai an gama na baya, kamar yadda magini ba ya ɗora rufi kafin ya tada bango. Wani injiniyan Amurka mai suna Winston Royce ya bayyana wannan tsari a 1970, kuma ya yi gargaɗi cewa akwai haɗari idan aka bar gwaji sai a ƙarshe. Hanyar Meriz, wadda aka ƙirƙiro a Faransa wajen 1978, ita ma tana sa a zana komai a takarda kafin a fara ƙira.

Amfaninta: tun farko kuna sanin kuɗin aikin da ranar gamawa. Matsalarta: ba za ku ga manhajar ba sai bayan watanni. Idan a lokacin kuka gane an manta da wani abu, gyaran yana cin kuɗi sosai.

2. Hanyar kaɗan-kaɗan

Masana suna kiranta Ajil. A watan Fabrairu na 2001, masu ƙera manhaja 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka, suka rubuta ƙa'idojinta. A nan ana yanka aikin gunduwa-gunduwa. A tsarin Sikiram, wanda ya fi yaɗuwa cikin wannan hanya, kowane zagaye ba ya wuce wata ɗaya. A ƙarshen zagaye za a nuna muku ɓangaren da ke aiki, misali rajistar mambobi. Ku gwada, ku faɗi gyara, kamar yadda tela yake kiran mai riga ya sa ta kafin a gama ɗinki.

Amfaninta: ana gano kuskure da wuri. Matsalarta: da wuya a san jimillar kuɗin tun farko, kuma tana cin lokacinku. Idan wakilinku ba ya zuwa gwaji, aikin yana lalacewa.

Wacce za ku zaɓa?

Idan kun san bukatunku sarai kuma ba za su canza ba, ko mai ba da tallafi ya ƙayyade kuɗi da wa'adi, hanya ta farko ta dace. Idan ba ku taɓa aiki da manhaja ba, ta biyu ta fi, domin sai kun taɓa ta da hannunku za ku san abin da kuke so.

Ko wacce kuka zaɓa, ku yi wa mai ƙera manhajar waɗannan tambayoyi:

- Yaushe za mu fara ganin ɓangaren da ke aiki?
- Wa zai biya kuɗin gyara idan bukatarmu ta canza?
- Manhajar za ta yi aiki inda babu intanet?
- Wa zai horar da ma'ajinmu da magatakardanmu?

Ku tabbata an rubuta amsoshin cikin kwangila.