Da keke a gefen layin Dosso

A hutun nan ina shirin ɗaukar ƴan ajina mu bi gefen layin dogo da kekuna, daga Dosso zuwa Birnin Gaure, kilomita 30 da ƴan kai. Faransawa ne suka taso da layi daga Kwatano, ya tsaya Paraku a 1936, daga can sai kamyo ya riƙa kawo kayanmu. Namu kuwa a 2014 aka fara shi daga Yamai, ya iso Dosso a 2016, kuma har yau ba jirgin da ke jigila a kansa. Shekara da shekaru ina koyar da tarihin nan a allo, ga yaran da ba su taɓa taka ƙarfen ba. Za mu tashi da asuba mu isa Dallol Bosso kafin rana ta yi zafi. Iyaye, ku duba musu birki da tayoyi, ku haɗa su da ruwa.