Dandali da Gasa a Rayuwar 'Yan Matan Birnin Kano

Masu nazarin ilmin mata a ƙasar Hausa sukan ɗauka cewa wasannin motsa jiki da gasa tsakanin 'yan mata makarantar boko ce ta zo da su. Tarihin birnin Kano bai goyi bayan wannan zato ba. Tun kafin a buɗe makarantar 'yan mata ta farko a birnin cikin 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, unguwannin cikin ganuwa irin su Yakasai da Mandawari da Kurawa suna da dandalinsu, inda 'yan mata kan hallara bayan sallar lisha, musamman idan akwai farin wata.

Babban wasan dandali shi ne gaɗa. 'Yan mata sukan yi da'ira suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi. A wani nau'insa yarinya takan fito fili ta taka rawa, sa'an nan ta juya ta saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Mai tsoro ba ta iya wannan, domin sai ta amince da hannuwan da ba ta gani. Gasar kuwa a bayyane take: wa ta fi tashi sama, wa ta fi zaƙin murya, wa ta fi saurin mayar da habaici. Wadda aka kayar yau ba ta da mafita sai ta dawo gobe, tunda masu yi mata dariya su ne dai masu cafe ta. Da rana kuma akwai carafke, wasan 'yan duwatsu mai horar da ido da hannu.

Muhimmancin wannan fili yana fitowa ne idan aka dubi ƙanƙantar lokacinsa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan aure da ke kulle suka dogara ga 'ya'yansu wajen talla da aike. Ashe yarinya ta san lunguna da kasuwa, amma 'yancin nan yakan ƙare ranar da aka kai ta ɗakin miji, sau da yawa tun ba ta cika shekara goma sha biyar ba. A 'yan shekarun nan ne take koyon tsayawa gaban jama'a ba tare da muryarta ta yi rawa ba, kuma a nan take ƙulla ƙawancen da zai tsaya mata ranar biki da suna.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 da yaɗuwar makarantun Islamiyya na dare da zuwan talabijin sun janye yara daga dandali, ga kuma malamai da suka daɗe suna sukar cuɗanyar samari da 'yan mata a wurin. Makaranta ta kawo tsere da ƙwallo, sai dai ba kowace makarantar cikin birni ke da fili ba. Gasar da ta sami karɓuwa wurin iyaye ita ce musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa cikin 1986. A nan yarinya takan zauna ita kaɗai gaban alƙalai da ɗaruruwan masu sauraro, ta yi nasara ko ta faɗi. Tsallen gaɗa da guje-gujen dandali kuwa ba su biyo ta can ba.