Robl, Zakaran Tseren Keke A Bayan Babur

Duk wanda ya saba tuƙa keke tsakanin Karaye da Rogo cikin hunturu ya san iska ta fi tudu gajiyar da mahayi. Ya kuma san in babbar mota ta wuce shi ya laɓe a bayanta, sai tuƙi ya yi sauƙi, domin motar ta tsaga masa iska. To, a kan wannan dabara Turawa suka ƙago wani irin tsere wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mai babur yana gaba, mai keke yana biye, tsakaninsu bai kai taki guda ba. Filin tseren kewayayye ne, na katako ko na siminti, gefensa ya tashi kamar na akushi. Keken ba shi da birki, an kuma rage girman ƙafarsa ta gaba don mahayi ya ƙara matsawa kusa da babur.

Cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a akwai wani Bajamushe, Thaddeus Robl. An haife shi a 1877 a kudancin Jamus, ya girma a birnin Munik. Da doguwar tafiya kan hanya ya fara. A 1898 ya zo na uku a tseren da ake yi daga Bodo zuwa Faris, a ƙasar Faransa, tafiyar da ta wuce mil 350. Daga nan ya koma bin babur. A 1901 aka yi gasar duniya a Balin, kilomita 100, wato wajen mil 62, ya cinye. Da shekara ta kewayo ya sāke cinyewa. Kambun zakaran Turai kuwa sau biyar yana ɗauka. Ya sami dukiya, sunansa ya game Jamus.

Amma fa mai bin babur ransa a hannun wani yake. In na gaba ya ƙara wuta fiye da kima, sai ya bar mahayi a baya, iska ta buge shi kamar ya yi karo da bango. In ya sassauta ba zato, sai su haɗu. Ga shi kuwa ƙarar inji ta hana su jin juna sosai, sai dai sabo da amana. Tayoyin zamanin nan kuma ba su da ƙwari, suna fashewa in sun ɗau zafi. Haka ta faru ga Harry Elkes, gwanin Amurka, kusa da Boston a 1903: tayarsa ta fashe, ya fāɗi, babur da ke tafe a baya ya taka shi ya mutu. Ba shi kaɗai ba ne. Duk da haka jama'a ba su fasa cika fili ba, kai, watakila ma haɗarin ne ke jawo wasunsu.

Abin ya kai ga 'yan kallo ran 18 ga Yuli, 1909. A wani sabon fili a Balin babur ya ƙwace, ya fāɗa cikin rumfar jama'a, mai ya kama wuta, mutum 9 suka hallaka. Hukuma ta dakatar da tseren, sa'an nan ta ƙyale shi bisa sababbin dokoki.

A lokacin nan zuciyar Robl ta riga ta koma ga wani sabon abu, wato jirgin sama, wanda bai fi shekara shida da ƙagowa ba. Ya koyi tuƙinsa. Ran 18 ga Yuni, 1910, ya tashi a gaban taro a garin Stettin, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan, jirgin ya rikito da shi, ya mutu yana da shekara 32. Mutumin da ya yi shekaru yana gudu a gindin babur ya tsira, bai yi shekara guda a sama ba. Aka kai gawarsa Munik, dubban mutane suka raka ta makabarta. Gasar duniya da ya ci sau biyu kuwa an ci gaba da yin ta har 1994, sa'an nan aka soke ta.