MAƘALAR MAKO: Darasin Mangala a Kan Ruwa



Mu da muka taso a Toranke da ƙauyukan Ajingi da Gaya mun san cewa idan mangala ta rinjaya gefe guda, jaki ba ya nisa kaya suke zubewa. Shi ya sa mai jaki kan ƙara dutse a ɓangaren da ya yi sauƙi. Wannan hikimar ce masu jiragen ruwa suka biya da rayuka kafin su mayar da ita doka.

A ranar 10 ga Agusta, 1628, jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya tashi daga Stockholm a tafiyarsa ta farko. An ɗora masa igwa 64, amma duwatsun da aka jibge a ƙasan cikinsa don su riƙe shi ba su isa ba. Tun kafin tashi an gwada shi: mutum 30 suka riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, a zagaye na uku aka tsayar da su don kada ya kife. Duk da haka aka sake shi. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da mutane kimanin 30. Sai a 1961 aka ciro shi.

Masu tseren ƙananan jirage, waɗanda iska ke turawa ta hanyar babban ƙyalle, su ne suka fi ƙwarewa a wannan lissafi. Iska tana danna ƙyallen, jirgi ya karkata, don haka dole a sami nauyin da zai danne gefen da iskar ke fitowa. A New York ta Amurka, wajen shekarun 1860 zuwa 1880, 'yan tsere kan ɗauki buhunan yashi, kowanne kimanin kilo 23. Duk lokacin da jirgi zai juya, sai su kwashe buhunan da sauri zuwa ɗaya gefen. Idan aka makara kaɗan, jirgi ya kife. Daga baya ƙungiyoyin tsere suka haramta wannan dabara. Yau matuƙi da jikinsa yake daidaita jirgi: ya maƙale ƙafa, ya rataya bayansa saman ruwa.

A Ingila kuma, ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka yi dokar 1876, wadda ta wajabta zana layi a jikin jirgi. Da zarar ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce ƙima.

To, mu fa? Masu tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu sun san inda kowa zai zauna, kuma ba mai miƙewa yadda ya ga dama. Amma a kwale-kwalen haya labarin daban ne: babur a sama, buhuna a gefe guda, fasinja a kan buhu. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau. Hukumomi sun danganta haɗarin da lodi fiye da ƙima.

Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yana kusa da mu, kuma da damina 'yan uwanmu suna ƙetare shi. Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa su zana layin lodi da fenti a jikin kowane kwale-kwale. Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, a tsakiya. Fasinjoji su rabu daidai hagu da dama, kuma ko jirgi ya yi tangaɗi kada a ruga gefe guda. Idan ya cika, mu haƙura mu jira sawu na gaba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu da iyalanmu. Amin.