Wa Ke Shiga Jerin Gimbiyoyi? Waiwaye Daga Moduganari Zuwa Birnin Ngazargamu

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya bakin titi a unguwar Moduganari da sassafe zai ga 'yan mata ƙanana suna tafiya makaranta, da yawansu goye da jaka mai hoton wasu mata sanye da dogayen riguna da kambi. A Kasuwar Monday iyaye kan sayo irin waɗannan jakunkuna, kuma sau da yawa yarinya takan iya kawo sunayen matan ɗaya bayan ɗaya. Su ne gimbiyoyin kamfanin Disney na Amurka, taurarin finafinan zane da yara ke kira katun. Wannan maƙala za ta duba yadda aka tsara jerin sunayensu, sa'an nan ta waiwayi namu jerin na gida, domin mu ga wa ke shiga, wa ake bari a waje, kuma wa ke yanke hukuncin.

Jerin 'Yan Kasuwa

Finafinan sun girmi jerin nesa ba kusa ba. An fitar da na Snow White a 1937, na Cinderella a 1950, na Aurora a 1959. Sai a shekarar 2000 ne Andy Mooney, shugaban sashen kayan sayarwa na kamfanin, ya ga yara mata sun zo kallon wani wasa sanye da kayan gimbiya ɗinkin gida. Nan ya hango ciniki. Aka tara matan ƙarƙashin suna guda, aka shiga buga hotonsu a jaka da riga da kofi. Zuwa 2022, lokacin da aka ƙara Raya, jerin ya kai mata 13.

Abin lura shi ne jinin sarauta bai zama sharaɗin shiga ba. Mulan, wadda fim ɗinta ya fito a 1998, ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuma auri ɗan sarki ba. Shigar maza ta yi ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta, amma tana ciki. Anna da Elsa na fim ɗin Frozen na 2013 kuwa 'ya'yan sarki ne na cikinsa, amma ba a sa su ba, domin hajarsu ta karɓu ita kaɗai ba sai an jingina ta da kowa ba. Tinker Bell da Esmeralda sun shiga da farko, daga baya aka cire su. Rapunzel har bikin naɗi aka yi mata a fadar Kensington ta birnin Landan a 2011. A taƙaice dai, kasuwa ce ke naɗawa, ita ce kuma ke tuɓewa.

Jerin Marubutan Fada

Kafin mu yi wa Turawa dariya, ya kamata mu leƙa cikin namu ɗakin. A daular Kanem-Borno mata suna da sarautu sanannu. Magira ita ce uwar Mai, Gumsu uwargidansa, Magaram kuwa 'yar'uwarsa mai riƙe da muƙami. Ikonsu ba na ado ba ne. Labarin sarakunan daular ya nuna cewa a ƙarni na 12 Magira Fasama ta tsare ɗanta Mai Biri saboda ya kashe ɓarawo maimakon ya yanke masa hukuncin da shari'a ta tanada. Uwar da ke iya ɗaure sarki ba a bayan labule kaɗai take ba.

Duk da haka, dubi abin da ya sami Aisa Kili Ngirmaram. Labaran baka na Barebari sun riƙe cewa ta riƙi mulki shekara bakwai a Birnin Ngazargamu a ƙarni na 16, kafin Mai Idris Alooma ya hau gado. Amma Diwani, wato jerin sarakunan da Heinrich Barth ya samu a Kukawa a 1851, bai lissafa ta cikin waɗanda suka yi sarauta ba. Alƙalamin malaman fada ya tsallake ta. Bakin maroƙa da tsofaffi ne ya adana mana ita.

Haka lamarin yake a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, ya faɗi yaƙe-yaƙenta da harajin da aka riƙa kai mata. Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Sai ga shi jerin sarakunan Zazzau ɗin kansa yana ɗauke da sunan Bakwa Turunku, wadda ake danganta Amina da ita, amma babu sunan Amina. Yau kuwa ga ɗakin kwanan ɗalibai mata da sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwaleji a Kaduna, ga fim da aka yi a kanta a 2021. Wadda jerin gida bai ƙirga ba ta fi yawancin waɗanda ya ƙirga suna. Daura ce ta bambanta, domin jerinta da mata ya fara, tun daga Magajiya Kufuru har zuwa Daurama mai labarin rijiyar Kusugu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fahimtar cewa kowane jeri yana da mai shi, kuma mai shi yana da buƙatarsa. Ɗan kasuwa yana duba wadda hotonta zai sayar da jaka. Malamin fada yana duba wanda ya dace da tsarin gadon sarautar da yake yi wa hidima. Shiga jeri ko rashin shiga ba shi ne ma'aunin abin da mace ta aikata ba.

Ba laifin yarinyar Moduganari ba ne idan ta san Cinderella ba ta san Aisa Kili ba. Abin da aka rataya mata a baya shi ta haddace. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muke nazarin harshe da adabi a wannan jami'a muna zaune cikin ƙasar da Magira ta yi iko, kuma har yanzu akwai tsofaffi a unguwanninmu masu riƙe da labaran da ba su shiga takarda ba. Aikinmu ne mu je mu saurare su, mu rubuta, mu mayar da abin da muka ji tatsuniya da wasan kwaikwayo da littafin yara. Idan muka yi jinkiri, wani zai zo daga nesa ya tsara mana jerin, kuma da ma'aunin aljihunsa zai tsara shi.