Hoton Baƙi da Fari: Abin da Ya Rage Mana na Suturar Iyayenmu

Kusan kowane tsohon gida a nan Sabo yana da hoto ɗaya ko biyu na baƙi da fari, ko a jikin bango ko a ƙasan adakar tsohuwa. Za ka ga dattijo zaune da babbar riga mai aska takwas, rawani na ƙyalli, inuwarsa ta faɗi a labulen baya. Mu da muka tashi muka tarar da su ba mu ɗauke su komai ba. Sai yanzu da masu su suka ƙare muka gane cewa su ne shaidar yadda iyayenmu suka yi ado.

An kafa unguwar nan a 1916, kasuwancin goro da shanu ya raya ta. Fatake da dillalai in sun samu, abin da suke fara yi shi ne ɗinki, sannan a nufi wurin mai hoto ranar Sallah ko biki, a wanko a aika gida Arewa, dangi su ga ɗansu bai wulaƙanta a Kurmi ba. Hoton nan wasiƙa ce ga wanda bai iya karatun boko ba.

Aikin kuwa ba irin na wayar yau ba ne. Fim ɗin babbar kyamara hoto 12 kacal yake ɗauka, na ƙarama 36, don haka ba a dannawa barkatai. Sai an gyara zama, an daidaita hula, an baza hannun riga don aikin allura ya fito. In cikin ɗaki ne ko da dare, sai a sa fitilar walƙiya. Ta farko ƙwan fitila ce mai siririyar waya a ciki, tana haskawa sau ɗaya ta ƙone, a cire a sa wata. Wannan haske mai ƙarfi shi ke fito da ƙyallin shadda da na rawanin da ya sha shuni da bugu, shi kuma ke jefa inuwar nan a baya. Daga nan mai hoto ya shiga ɗakin duhu, ya tsoma fim a ruwan magani, ya buga a takarda, ya ɗauraye ya shanya. Hoton da ba a ɗauraye shi sosai ba, shi ne yau muke gani ya yi ja-ja yana dusashewa.

A nan garinmu aka yi wani gwani, J. D. Okhai Ojeikere, mutumin ƙasar Edo, haifaffen 1930. A Badun ya fara aikin ɗakin wankin hoto a ma'aikatar watsa labarai a 1954, daga baya ya koma gidan talabijin, sannan ya tafi Legas. A 1968 ya fara bin kitson mata yana ɗauka, yawanci ta ƙeya don zanen ya fito, har ya tara kusan dubu, ga kuma hotunan ɗaurin gwaggwaro. Ya rasu a 2014, aikinsa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Haka a Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya riƙa bin samari wuraren shagali da dare da fitilar walƙiyarsa, yana ɗaukar ɗinkin da ake yayi, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. Abin da waɗannan suka yi, shi ƙananan masu hoton unguwa suka yi wa iyayenmu. Bambancin kawai, nasu an adana, namu gara da damina na cinyewa.

Da hoto mai kala ya yawaita a shekarun 1980, ɗakunan duhu suka fara rufewa, sannan waya ta zo ta ƙarasa. Nagatif ɗin da masu hoto suka tara, galibi an zubar.

Mun san malamai sun yi saɓani a kan rataye hoto, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba. Amma wanda ya sauke daga bango, don Allah kada ya ƙona. A sa a ambulan, a ajiye inda babu laima, kada a manna da gam. A kai wa tsofaffin da suka rage su faɗi ko wane ne, ɗan wane gida ne, wace shekara, a rubuta a baya da fensir. Yara su ɗauka da waya a raba wa dangi. In tsohuwar da ta san fuskar ta tafi, hoton ya zama na baƙo, jikoki su jefar ba su san kakansu suka jefar ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.